Kuɗinka, sunan wani: yadda ake ƙwato fili ko gida a Legas idan takarda ba ta ɗauke da sunanka

A wani zaman sulhu da na halarta a Agege, bayan la'asar, an baje takardu uku a kan tabarma: rasit ɗin iyalin Yarabawan da suka sayar da filin, taswirar safiyo da ta yi laushi saboda yawan ninki, da takardar miƙa mallaka mai jan hatimi. Duk ukun sunan ƙane ne a jikinsu. Wan kuwa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana safarar tumatir daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12, ba abin da ya zo da shi sai wayarsa da wani tsohon littafin lissafi.

"Yaya, ai kai da bakinka ka ce in sa sunana," in ji ƙanen, kansa a sunkuye.

"Na ce ka sa sunanka don kullum ina kan hanya. Ban ce na ba ka ba."

Irin wannan rigima ba baƙuwa ba ce a wurin mutanenmu na Ikko. Wani ya sa sunan babban ɗansa don shi ne mai boko. Wani ya tura abokinsa Bayarabe ya yi ciniki, don kada masu ƙasa su ga baƙo su tsawwala kuɗi. Wata ta tara kuɗin adashe da na sayar da abinci a Idi-Araba, aka sayi fuloti da sunan maigida, sai da ya rasu ta ji ana lissafa gidan a cikin gado. A lokacin da ake yi, amana ce da zumunci. Sai fili ya yi daraja, ko mutuwa ta gitta, sannan a gane an yi sake.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce: tunda sunansa ne a takarda, shi ke nan na rasa? A'a. Amma kotu ba za ta ba ka don ka fi shi gaskiya a zuci ba. Sawun kuɗi take bi, da kuma abin da kowannenku ya aikata a kan filin tun ranar da aka saya.

Abin da doka ta tsaya a kai

Tun da aka kafa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, mutum kuma haƙƙin zama yake riƙewa. Takardar shaidar wannan haƙƙi, wadda a baki ake ce wa si-of-o, yawanci ta shekara 99 ce. Mutane suna ɗaukarta kamar yankan wuƙa, alhali Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 cewa takardar ba ta haifar wa mutum haƙƙin da ba shi da shi tun asali. Hujja ce mai ƙarfi, amma idan wani ya kawo wadda ta fi ta, kotu na iya soke ta.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ginshiƙin da'awarka. Idan kai ka biya kuɗin fili aka rubuta sunan wani, doka tana fara ɗauka cewa riƙon amana yake yi maka, sai in ya nuna kyauta ka yi masa ko rance ka ba shi. Idan rabi ka biya, rabonka gwargwadon abin da ka zuba ne. Lura da maganar rance: in cewa ka yi "karɓi wannan ka sayi fili, ka biya ni in ka samu," to bashi kake bi, ba fili ba.

Akwai wurin da zaton ke juyewa, kuma nan ne da yawa ke faɗuwa. Uba da ya saya da sunan ɗansa, ko miji da ya saya da sunan matarsa, doka tana fara ɗaukarsa a matsayin kyauta. Nauyin nuna akasin haka yana kan uban ko mijin, ko magadansu. Tsakanin wa da ƙane, ko aboki da aboki, babu wannan zato na kyauta. Haka idan mace ce ta biya aka sa sunan miji, abin da aka saba a kai shi ne amana ce ba kyauta ba, muddin ta iya nuna kuɗinta ne.

Wani abu kuma da ya kamata ka gaya wa lauyanka tun ranar farko, ko da da kunya: me ya sa ka ɓoye sunanka? Idan don ka tsere wa masu binka bashi ne, ko don ka rufe wa hukuma ido, kotu na iya ƙin taimaka maka ka ci ribar dabarar da ka ƙulla. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mataki na farko: kama bakinka, ka tattara hujja

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya fara da faɗa. Ya kira waya ya yi zagi, ya kai ƙara wurin dangi a gida, labari ya bazu. Kafin ya farga, wancan ya kwashe takardu ya kai wa dillali. Yi shiru tukuna, ka bi sawun kuɗinka daga aljihunka har hannun mai sayarwa.

Je bankinka ka nemi cikakken bayanin asusunka na watannin da aka yi cinikin, mai hatimin banki, ba hoton alat da ke cikin waya ba. Abin da ake so ya fito shi ne jituwar rana da adadi: ka tura wa wanda sunansa ke takarda kuɗi kaza ranar Litinin, rasit ɗin masu fili na ranar Laraba ya nuna daidai wannan adadin ko kusa da shi. Idan kai tsaye ka tura wa mai sayarwa, ka gama rabin aiki. Idan tsabar kuɗi ka bayar, kamar yadda fatake da yawa ke yi, to sai ka koma ga mutane: wa ke wurin da aka ƙirga? Wane direba ne ya kawo saƙon? Wane dillali ne ya karɓi la'ada, kuma daga hannun wa? Littafin lissafin nan na ɗan tumatir, da ake yi wa kallon banza, shi ya nuna ranar da ya cire kuɗin daga jarinsa, da rubutun hannun yaron shagonsa.

Daga nan sai abin da ya biyo bayan saye. Wa ya biya kuɗin katanga? Rasit ɗin bulo da siminti da rodi da kwano, sunan wa ke kai? Birkila da kafinta wa suka sani a matsayin mai aiki? Wa ya sallami omo onile, wato 'ya'yan masu ƙasa da ke zuwa karɓar kuɗi a wurin gini, ranar da aka haƙa tushen gini da ranar da aka ɗora rufi? 'Yan haya wa suke biya, kuma wa ke sa hannu a rasit ɗinsu? Wa ke biyan harajin gida na shekara-shekara na jihar Legas, da kuɗin wuta da na shara? Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya ba da mallaka shi kaɗai, amma idan suka taru suna nuna wanda ya yi ta ɗawainiya da wuri kamar nasa. Asalin takardun ma, a hannun wa suke? Mutumin da aka yi wa kyautar gida ba kasafai yake barin takardunsa a akwatin wanda ya ba shi shekara goma ba.

Sai saƙonnin waya. Mutanenmu sun fi son saƙon murya a WhatsApp, kuma wannan alheri ne a nan. Saƙo guda da yake cewa "Alhaji, filin naka an gama safiyo, saura kuɗin katanga" ya fi shaidu biyar da za su zo su yi ta kame-kame. Kada ka goge, kada ka sayar da wayar, kada ka tura saƙon wata waya ka jefar da ta asali. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda da hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta, amma da sharaɗin a haɗa ta da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka ciro bayanin. Lauya zai shirya wannan. Idan saƙon da Hausa ne, sai an fassara shi zuwa Turanci, domin shi ne harshen kotu.

Idan har yanzu kuna gaisawa, ba laifi ka tura masa saƙo cikin lumana: "Ƙanena, ina so mu mayar da takardun gidan nan sunana kafin azumi, yaushe kake da lokaci?" Amsar da zai bayar, ko ta yarda ko ta waskiya, ka adana ta.

Na biyu: je Alausa ka ga abin da ke rubuce

Kada ka dogara da kwafin da aka nuna maka. Ofishin rajistar filaye na jihar yana Alausa, Ikeja, ƙarƙashin hukumar filaye, kuma lauya zai iya neman bincike a kan fayil ɗin. Binciken zai nuna sunan da ke kai, da ko an jinginar da gidan a banki, da ko an riga an miƙa wa wani. Nemi kwafin da ofishin ya tabbatar da hatiminsa, domin irinsa kotu ke karɓa. A ofishin Babban Safiyo na jiha kuma za a duba taswirar, a ga ko filin yana cikin wanda gwamnati ta karɓe. Na ga 'yan'uwa sun ɓata a kan fulotin da daga baya aka gano yana kan hanyar da gwamnati ta tsara.

A nan a kula da iyaka. Da yawa cikin masu cewa sun sayi fili "a Legas" a Mowe ko Ibafo ko Akute ko Sango-Ota suka saya, waɗannan kuwa jihar Ogun ce, rajistarsu da kotunsu daban. Wasu wurare kuma, irin su Festac, filin gwamnatin tarayya ne, ba a Alausa fayil ɗinsu yake ba.

Idan bincike ya nuna filin bai taɓa shiga rajista ba, rasit ɗin iyali da safiyo kawai ake da su, to maza ka nemi shugaban iyalin da suka sayar da manyansu. Su ne shaidunka na farko, kuma tsofaffi ne, ba a san gawar fari ba. Sa ido kuma a jaridu, domin gwamnatin Legas tana buga sunayen masu neman si-of-o, ta ba da kwana 21 ga mai ƙorafi.

Na uku: toshe ƙofar sayarwa

Wannan shi ne matakin da ba ya jira. Haƙƙinka na wanda aka riƙe wa amana yana da rauni guda: idan wanda sunansa ke takarda ya sayar wa wani da ya biya kuɗinsa da zuciya ɗaya, bai san da zamanka ba, kuma ya kammala takardunsa, to da wuya ka karɓe daga hannun wannan baƙon. Sai dai ka bi ɗan'uwanka bashin kuɗi, wanda watakila ya riga ya cinye. Maganin abin shi ne ka sa duniya ta sani.

Dokar Rajistar Filaye ta Legas ta 2015 ta ba mai da'awa damar shigar da gargaɗi a kan fayil, yadda duk mai bincike zai gani, kuma ba za a yi rajistar sabon ciniki a ɓoye ba. Sa lauya ya shigar. Ya kuma buga sanarwa a jarida. Rubutun nan da ake yi da jan fenti a katangun Legas, cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne a yi hattara da 'yan 419, ba ado ba ne. Wanda ya saya bayan ya gan shi ba zai ce bai ji ƙishin-ƙishin ba. Idan kai ke zaune a gidan ko 'yan hayarka, kada ka fita, domin zamanka ma sanarwa ce.

Amma idan wanda sunansa ke takarda ne ke ciki, kada ka kuskura ka ɗebo samari a fasa ƙofa. Dokar Kare Kadarori ta Legas ta 2016 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga wanda ya ƙwace fili ko gida da ƙarfi, kuma cewa "ai nawa ne" ba ya wanke ka. 'Yan sanda ma ba su da hurumin cewa wane ne mai gida. Za su shiga idan akwai jabun sa hannu ko damfara ko barazana, amma mallaka sai kotu. Kuɗin da za ka kashe kana jeka-ka-dawo a caji ofis, gara ka ba lauya.

Lissafin shekaru

Dokar ƙayyade lokacin ƙara ta Legas ta ba mutum shekara 12 ya nemi filinsa, daga ranar da dalilin ƙara ya taso, misali ranar da wancan ya fito fili ya ce ba naka ba ne ya kuma hana ka. Idan suka wuce, haƙƙin na iya mutuwa. Akwai sassauci inda aka yi ha'inci aka ɓoye, lissafi yakan fara daga lokacin da ka gano, amma kada ka jingina da wannan. Alƙali ba ya son mai da'awar da ya zuba ido ana gini hawa biyu, sai da aka yi fenti ya ce nasa ne.

Ta ɗaya gefen, ana yawan tambayata game da masu gadi. Mutum ya shekara ashirin a kangon wani a Ajah ko Lekki, ya kafa rumfa, ya haifi 'ya'ya a wurin, mai fili bai leƙo ba, sai wani ya ce masa ai doka ta ba ka. Ba ta ba shi ba. Wanda ya shiga da izinin mai wuri, ko gadi ko haya ko aro, zamansa ba ya zama mallaka komai daɗewa. Dogon zama yana amfanar wanda ya riƙe wuri a fili, a matsayin nasa, ba da yardar mai shi ba, kuma ko shi sai ya bi ta kotu.

Na huɗu: sulhu, amma wanda zai ƙare da sa hannu

Ni dai ra'ayina, in akwai hanyar sulhu a bi ta. Shari'ar fili a Legas tana cin shekaru, ga ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, ga zumuncin da ba zai sake ɗinkuwa ba. Fadar Sarkin Hausawa, limamin unguwa, shugabannin kasuwa, duk suna da kwarjinin da zai sa mutum ya ji kunyar musa abin da kowa ya sani. Ko an ce ka bar masa ɗaki biyu ko wani kaso don wahalar tsaye-tsayen da ya yi, ka auna da abin da kotu za ta ci.

Inda muke kuskure shi ne a tashi da fatiha da musafaha kawai. Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, kuma hukuncin fada ko na masallaci ba ya canza suna a Alausa. A rubuta abin da aka amince a wurin, kowa ya sa hannu gaban shaidu. Wanda bai iya karatun boko ba, a karanta masa a fassara, a kuma rubuta a jikin takardar cewa an yi hakan da sunan wanda ya fassara, don kada gobe ya ce bai san abin da ya dangwala wa yatsa ba. In ana son abin ya yi ƙarfi, akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Legas da aka kafa a 2002, inda alƙali ke sa hannu a kan yarjejeniya ta zama hukuncin kotu. Akwai kuma cibiyar sasanta 'yan ƙasa ta Ma'aikatar Shari'a, wadda kyauta ce.

Bayan haka lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka daga sunansa zuwa naka, a nemi sahalewar gwamna, domin sashe na 22 na dokar 1978 ya wajabta ta, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba bisa ƙa'idar dokar ba rusasshe ne. Za a buƙaci fom ɗin neman sahalewa, tabbataccen kwafin tushen mallaka, taswirar safiyo, hotuna, da shaidar biyan haraji. A 2015 gwamnatin jihar ta rage jimillar kuɗin sahalewa da harajin riba da na hatimi da na rajista zuwa kashi 3 cikin 100 na darajar kadara, kuma darajar da gwamnati ta ƙiyasta ake bi, ba wadda kuka rubuta ba. Ka tambayi abin da ake biya a ranar da za ka shigar.

Na biyar: Babbar Kotu

Idan ya kafe, sai Babbar Kotun Jiha. Majistare ba ta yanke hukuncin mallakar ƙasa. Ƙa'idojin kotun na 2019 sun ce kafin a shigar da ƙara sai an rubuta wa wanda ake ƙara, an bayyana da'awa, an yi tayin sulhu, an kuma haɗa shaidar hakan da takardun ƙara. Bayanin shaidunka a rubuce ake shigar da shi tun farko, bisa rantsuwa, tare da jerin takardunka. Shi ya sa aikin mataki na farko yake da muhimmanci. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya gwada Ofishin Mai Kare Jama'a na jihar ko Hukumar Agajin Shari'a ta tarayya.

Abin da lauya zai roƙa yawanci shi ne kotu ta bayyana cewa wancan riƙon amana yake yi, ta umarce shi ya miƙa, ta ba da umarnin gyara rajista, ta sa ya kawo lissafin kuɗin hayar da ya karɓa, sannan tun a farko ta hana sayarwa ko jinginarwa har a gama. Kotun Ƙoli ta jera hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976: tarihin gado, takardu, ayyukan mallaka masu yawa na tsawon lokaci, daɗewar riƙo, da mallakar filin da ke maƙwabtaka. Kai da takarda ba ta sunanka, ƙarfinka yana ga biyan kuɗi da ayyukan mallaka.

Ka cire rai da cewa za a ba shi Alƙur'ani ya rantse magana ta ƙare, kamar yadda aka saba a kotunan gida idan mai da'awa ya rasa shaidu. A nan mai ƙara da ƙarfin hujjarsa yake cin shari'a, ba da raunin abokin shari'arsa ba. Ko wancan bai ce uffan ba, in ba ka gamsar da alƙali ba an kori ƙararka.

Idan mutuwa ta shiga tsakani

Idan wanda sunansa ke takarda ya rasu, yi magana kafin a raba gado, ba bayan an raba ba. A Musulunci ma amana ake fara fitarwa kafin rabo, domin ba ta cikin dukiyar mamaci. A kotu kuwa masu riƙe da takardar izinin kula da dukiyarsa, wadda sashen gado na Babbar Kotu ke bayarwa, su za ka yi ƙara, kuma su ne za su sa hannu a miƙa maka idan an daidaita. Idan kuma mai biyan kuɗin ne ya rasu, kamar uban da ya sa sunan babban ɗa, sauran magada su fara neman wannan takardar izini don su sami tsayuwa a kotu. Aikinsu ya fi wuya, tunda zaton kyauta yana tare da babban wansu. Abin da zai taimake su shi ne su nuna mahaifin bai taɓa sakin gidan ba: shi ke karɓar haya har ya kwanta ciwon ajali, takardu na ɗakinsa, kuma ya sha faɗa gaban mutane cewa gidan na kowa ne. Malamanmu na Malikiyya ma sun ce kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, kuma wannan magana tana da nauyi a zaman sulhu.

Ran da hukunci ko yarjejeniya ta fito, a kai tabbataccen kwafinta Alausa a yi rajista, a janye gargaɗin da aka shigar, a sauya suna a takardar harajin gida da ta wuta, a rubuta wa 'yan haya asusun da za su riƙa biya. Ɗan tumatir ɗin nan na Agege bai kai ga kotu ba. Da aka kunna wani saƙon murya na ƙanen, inda yake cewa "Yaya, masu filinka sun ce a ƙaro kuɗin rasit," sai wurin ya yi tsit. Liman ya dubi ƙanen ya ce, "Malam, ka ji muryarka?" An bar masa shago ɗaya na gaban gidan ya riƙa karɓar hayarsa, shi kuma ya sa hannu a takardar miƙawa a ofishin lauya a Ikeja ranar Alhamis ta makon da aka yi zaman.